Gyaren Kunnen Hagu

Litinin, 2 ga Yuni

Auta ta zo da kwalaye. Ta jingine su bayan ƙofar falo ta wuce kicin tana duba tukwane. Manya ne, irin waɗanda ake zuba kaya in za a tashi daga gida. Na gan su, ta kuma ga na gan su.

Abin da ya jawo: ranar Asabar ta yi ta buga ƙofa ban ji ba. Ta kira waya ban ji ba. Sai da ta je ta taso Tela, maƙwabcina mai shago a jikin katangarmu, ya kwance sakata da sukudireba. Suka same ni a kujera ina karatun jarida lafiya lau, ruwan shayi ya ƙone ƙurmus, buta ta yi baƙi. Ita tana kuka, shi yana dariya, ni kuwa ina tambayarsu wa ya rasu.

Yau ta ja kujera ta zauna a gabana, tana buɗe baki sosai don in karanta leɓenta. "Baba, biyu ne. Ko mu je a canza maka abin kunnen nan, ko ka dawo gidana." Na ce akwai na uku, a ƙyale ni. Ta ce na ukun ya ƙone tare da buta.

Bakin uwarta ta ɗauko.

Laraba, 4 ga Yuni

Abin kunnen nan da take magana a kai kamar wani tsumma, suna gare shi a gidan nan. Gyare.

Tsohuwa ce ta raɗa masa, Allah ya jiƙanta. (Na girme ta nesa ba kusa ba, amma tun muna sabon aure nake ce mata Tsohuwa, har sunan ya bi ta.) Ita ta fara gane kunnena ya soma tafiya, bayan na yi ritaya. Ta ce duk abin da aka faɗa sai in ce "to". Wata rana ta ce mini za ta sayar da gidan ta sayi jirgin sama, na ce to. Washegari ta kai ni asibiti.

Ni da kunne ne fartanyata. Rabin rayuwata ni tafinta ne a kotu, ina tsaye tsakanin alƙali da mutumin da bai san harshen alƙali ba. In mai shaida ya yi ƙus-ƙus a maƙogwaro ina ji. Ni ne aka liƙa wa roba a bayan kunne. Na yi fushi kwana da kwanaki.

Ita ta lallashe ni da wasa. Kullum da safe ita ke buɗe ɗan murfinsa da farce ta duba batir, ta goge shi da gefen zane, ta sa mini a kunnen hagu. Sai ta dunƙule tafin hannunta ta rufe kunnen. Abin ya yi tsuwa, siririya, kamar gyare a gindin tulu. Sai ta ce, "Gyare ya tashi. Saura Tafinta."

Daga baya abin ya zama kira. In ina karatu ta gaji da magana ban amsa ba, sai kawai in ji tsuwa a kunne, in ɗago in gan ta tsaye da hannu a gefen kaina. In muna da baƙi sun daɗe, ta zo wucewa da faranti ta ɗan rufe kunnen, na san ma'anarsa: sallame su haka nan. A hagu take zama, a mota, a falo, a ko'ina. Kunnen dama ba a taɓa sa masa komai ba, babu mai zama ta can.

Asabar, 7 ga Yuni

Batir ya suɓuce ya gangara ƙarƙashin gado. Na bar shi can. Gwiwa ba ta ba da izini ba.

Lahadi, 8 ga Yuni

Batiran nan ba su da albarka yanzu. Da ɗaya yakan kai ni nesa. Yanzu kafin in saba da shi ya mutu. Ga shi ɗan mitsitsi kamar maɓallin rigar jariri, ga yatsu suna rawa. Da tsinken ashana nake tura shi.

Na murza ɗan gargaren ƙarar har ya tsaya. Tun bara yake a ƙarshe.

Talata, 10 ga Yuni

Na fita bencin Tela da hantsi. Na same shi durƙushe yana ɗiga wa kekensa mai, kamar kullum. Ban taɓa ganin keken ɗinki mai shan mai irin wannan ba. Na ce, "Tela, ko dai ka aurar da keken nan ka huta?" Ya dube ni, ya dubi keken, ya ce sai a hankali.

Direba yana nan, wanda ya yi ritaya daga tuƙin motar asibiti. Da na zauna sai ya matsa can ƙarshen benci, wai rana. Babu rana a wurin. Ba yau ya fara ba. Mai kemis ma in na shiga sai ya yi sauri ya sallame ni yana yamutsa fuska.

Na dawo na shinshina rigata. An ce tsoho ba ya jin warin kansa. Na jiƙa riguna biyu, na yi wanka da sabulun da Auta ta kawo, mai ƙamshin asibiti.

Da Tsohuwa na nan da ta gaya mini gaskiya tun a ƙofa.

Alhamis, 12 ga Yuni

Zan rubuta abin da ban gaya wa kowa ba, tunda takarda ba ta dariya.

Tun da ta rasu Gyare bai sake kuka ba.

Kwanakin jinyarta ba mu da lokacin wasa. Bayan an kai ta, da gida ya watse, na sa shi da kaina, na dunƙule hannu na rufe kunnen. Shiru. Na sake. Shiru. Kullum da safe sai na gwada, har yau. Yana aiki, ina jin mutane sama-sama, amma tsuwar nan ta tafi da ita.

Na yi makaranta. An koya mana yadda sauti ke tafiya, malaminmu har da ƙararrawa a cikin kwalba. Na san roba da waya ba sa takaba. Na sani. Amma a gidan nan kowa ya koma harkarsa, ’ya’ya sun koma aiki, maƙwabta sun daina sassauta murya in sun gan ni. Mu biyu ne kawai ba mu koma yadda muke ba, ni da shi.

Shi ne za a ce in miƙa wa wata yarinya a asibiti ta jefa a kwandon shara.

Lahadi, 15 ga Yuni

Auta ta kai ni gidanta cin abincin rana, ashe ɗaki za a nuna mini. A sama yake. Fes, an yi sabon fenti, har da ƙarfen dafawa a banɗaki. Taga tana kallon tankin ruwan maƙwabta. Na tsaya ina neman inda kujerar Tsohuwa za ta shiga, wadda ta lotsa ta gefe ɗaya. Babu wuri. Babu wurin kabad ɗinta ma.

Mijin Auta mutumin kirki ne, ba ni da abin cewa. Sai dai yau kamar ba shi da natsuwa. Muna cin abinci ya tashi ya kara kunne a bayan firiji. Ya dawo. Ya sake tashi ya kashe fanka. Auta ta harare shi, ya zauna kamar an zare masa laka. Ban san me ke tsakaninsu ba, ban kuma tambaya ba.

A hanya ta ce, "Ya ka ga ɗakin, Baba?" Na ce ya yi kyau, Allah ya kawo mai shiga.

Talata, 17 ga Yuni

An yi ruwa. Na gan shi ta taga yana dukan kwanon shagon Tela, yana tsalle. Ban ji ba.

Gidanmu na farko ɗaki ɗaya ne, rufin kwano ba silin. In ruwa ya sauko ba mai jin wani, sai mu yi ta magana da hannu muna dariya. Tsohuwa ta ce ranar nan ce kaɗai Tafinta ke buƙatar tafinta.

Na zauna ina tuno abubuwan da na daina ji ban lura ba. Awarwaronta in tana wanke-wanke. Cokali a kofi. Ƙugin da ƙofar kabad ke yi, wanda na yi alkawarin sa wa mai tun Auta na goye. Takalmin alƙali na farko da na yi wa aiki, mai ƙiiƙii, tun daga baranda muke sanin ya iso mu miƙe.

Ban san ranar da kowannensu ya tafi ba. Ba su yi sallama ba.

Jumma'a, 20 ga Yuni

Wannan kam sai na rubuta.

Ina zaune a benci, Tela yana yanka yadi. Sai ya ajiye almakashi, ya zagayo ya tsuguna a gabana yadda zan ga bakinsa. Ya ce, "Tafinta, don girman Allah in gaya maka wata magana, kada ka yi fushi."

Na ce in dai wari ne na riga na sani.

Ya ce, "Wane wari? Abin kunnenka ne. Kuka yake."

Na ce ba ya kuka. Na fi kowa sani.

"Wallahi kuka yake, ba ya ko numfasawa. Tun daga ƙofar gidanka nake sanin ka fito. Da farko na ɗauka kekena ne. Man da na ɗura masa ya isa a soya kaza. Har bakanike na kira, ya kwance shi ya ɗaura, ya ce lafiyarsa ƙalau, ni ne ba ni da lafiya. Sai na lura ranar da ba ka fito ba keke ya warke."

Direba ya juya baya, kafaɗunsa na motsi.

Na tambaye shi tun yaushe. Ya sunkuyar da kai. Ya ce tun wajen rasuwa. Ya ce wa zai dubi mutum yana cikin wannan hali ya ce masa kunnenka na damunmu? Daga baya kuma abin ya yi nisa, kunya ta hana. "Yau ma don na ga kwalaye ne. Gara ka ji haushina kana nan da a ɗauke ka muna gaisawa."

Firijin surukina. Fanka. Mai kemis. Sahun da nake tsayawa a masallaci, mutane na haƙuri da ni.

Na cire Gyare a gabansu na sa a aljihu na shigo gida.

Asabar, 21 ga Yuni

Ban fita ba.

Na ɗora shi a tafin hannu na rufe, na kai kunne. Shiru. Wai yanzu haka yana ihu.

Ashe bai yi shiru ba ko na yini ɗaya. Yana ta kira, ni ne ban amsa ba. Kamar dai yadda nake yi mata.

Litinin, 23 ga Yuni

Auta ta zo. Tela ya riga ya kai mata labari, na gani a tafiyarta. Ba abin kunne a jikina, don haka ta zauna dab da ni ta hagu tana magana cikin kunnen, abin da ba ta yi ba tun tana ƙarama.

Na ce me ya hana ki gaya mini, kika bar ubanki yana yawo yana tsuwa kamar ɗan tsako?

Ta ce ta yi ta cewa a canza, ni ne na ƙi. Na ce cewa a canza daban, gaya mini daban. Sannan ta ce, "Baba, in na zo na tsaya a ƙofa na ji shi, sai in ga kamar Mama na ciki tana tsokanarka. Ranar buta ma, da na ji shi ta taga ne hankalina ya ɗan kwanta, na ce ko ba komai yana kunnenka."

Muka zauna. Ta gyara mini wuyan riga, ba abin da ya same shi.

Na ce za ni asibitin. Dubawa kawai. Ta ce to, dubawa kawai. Irin "to" ɗina na da.

Alhamis, 26 ga Yuni

Likitar kunne yarinya ce, ba ta kai Auta ba. Ta sa ni a wani ɗan ɗaki mai katifa a bango, ta rufa mini wasu manyan abubuwa a kunne, ta ce in na ji ƙara in danna. Na zauna riƙe da abin dannawa ina jira a fara. Ashe an yi nisa.

Da na miƙa mata Gyare sai ta ɗan ja kai baya, ta yi sauri ta buɗe murfin batir. Ita ma ta ji.

Ta yi mini bayani tana rubutawa da manyan baƙaƙe a allo, ba ta yi mini kamar yaro ba, na yaba. Ta ce robar da ke shiga kunne ta bushe ta ƙanƙance, ni ma na rame, kunnen da aka auna a wancan lokaci ba shi ne wannan ba. Sauti na zurarewa ta gefe ya koma cikin na'urar, shi ne kukan. Ni kuma na murza ƙara har ƙarshe, abin ya haɗu. Siraran sautuka su ke fara barin mutum, shi ya sa kowa ke ji ban da ni. Ta ce da ma in mutum ya ga ya kai ƙara ƙarshe bai ƙoshi ba, batir na saurin mutuwa, yana kallon baki kafin ya gane magana, to lokaci ya yi, ko na na'ura ko na sake awo.

Na ce a gyara shi. Ta ce ko an sake roba ba zai iya ɗaukar kunnena na yanzu ba, kuma an daina yin kayansa. "Baba, bai gaza ba. Ya yi aikinsa har ya wuce. Ku ne kuka yi gaba kuka bar shi."

Na tambaya ko sabon yana tsuwa in an rufe shi da hannu. Ta yi murmushi ta ce a'a, an magance wannan tuni. Ta ɗauka albishir take mini.

Akwai wani kwali a gefen teburinta da ake ajiye tsofaffi. Ta nuna shi. Na mai da Gyare aljihu. Auta ta ce mata, "Bar masa."

Laraba, 2 ga Yuli

An ba ni sababbi, na gwaji, in ban so ba a mayar. Biyu, har da na dama. Ba batir, a wani ɗan akwati suke kwana a jikin soket, kamar ’yan tagwaye.

Duniya ta cika surutu. Takalmina na ja a ƙasa, ashe haka nake tafiya. Jarida kamar ana yaga kwano. Famfon kicin na ɗiga, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Muryata kuma ta wani tsoho ce da ban sani ba.

Na cire su tun kafin la'asar. Kaina ciwo.

Asabar, 5 ga Yuli

Kabad na nan da ƙuginsa. Na buɗe na rufe, na buɗe na rufe. Ba zan sa masa mai ba.

Talata, 8 ga Yuli

Na fita benci, karon farko tun ranar nan. Tela ya miƙe tsaye kamar alƙali ya shigo. Ya fara ɗaga murya yana ba da haƙuri, na ce ya rage, ba a kasuwa muke ba. Direba ya matso. Ta dama ya zauna, ya yi magana, na ji shi ban juya ba. Wani iri. Ashe mutumin nan yana da labari, kuma yawanci ƙarya ne.

Keken Tela kuwa, da ya taka, yana da ’yar ƙara tasa ta kansa. Na gaya masa. Ya ce in rufa masa asiri.

Litinin, 14 ga Yuli

Da safe na sa sababbin, na zauna bakin gado. Sai na tuna akwai sauran batir ɗaya a kwalin batiran Gyare. Na ɗauko Gyare daga aljihun rigar da na je asibiti da ita. Na daɗe ina fama da tsinken ashana kafin ya shiga.

Na ɗora shi a tafin hannu. Na dunƙule a hankali, yadda take yi.

Ya yi.

Siririya, kamar a gindin tulu. Ba ta canza ba ko kaɗan.

Ban san iya zaman da na yi ba. Buta ce ta tashe ni, sabuwar da Auta ta sayo mai fito, na je na sauke ta da kaina. Na cire batirin na naɗe a takarda, kada ya ƙare. Gyare na sa shi a kabad, cikin gwangwanin zarenta.

Auta ta biyo da yamma. Bugu ɗaya na buɗe, har ta ɗan tsorata. Ta ce jibi ne za a mayar da na gwajin in ban so ba. Na ce ban ce ina so ba. Surutu gare su, kuma na daman yana mini ƙaiƙayi. Amma jibi ina da abin yi, a bari sai wani lokaci.

Da za ta tafi ta tsaya tana kallon kwalayen. Na ce Tela na neman inda zai zuba ƙyallaye. Ta kwashe ta kai masa.

Ana haɗa hadari. Na bar taga a buɗe.